Totur a Hannun Dama

Hamamatsu, Maris 1996

Neechan Nilce,

Gaisuwa mai yawa daga wannan gari mai iska na ƙasar Japan. Ina fata kina lafiya, kuma 'yan ajinki ba su ƙarasa miki murya ba. Yaya gwiwar Papai? Ni lafiyata ƙalau, in ban da kafaɗar dama da take yi mini ƙorafi duk makon da aka ƙara mana awoyi a masana'anta. Sanyi ya fara ja da baya.

Ki nemi wuri ki zauna, domin ƙanenki ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. A bakin kogin Tenryu akwai wani fili da wasu dattawa suke taruwa ranar Lahadi suna tashin ƙananan helikwaftoci. Kada ki ce kayan wasan yara ne. Tsawon kowanne ya wuce mita, yana da inji na gaske wanda bai fi dunƙulen hannu ba, yana shan wani mai mai warin man zurma, kuma ana tuƙa shi daga ƙasa da rediyo mai sanduna biyu, kowane babban yatsa da tasa. Na tsaya kallo Lahadi bayan Lahadi kamar maraya a bakin shagon soyayyen pastel, har wani tsoho, Oishi-san, ya gaji da ganina ya miƙo mini rediyonsa.

Yanzu ina da nawa. Ana ɗaura masa dogayen sanduna biyu a gicciye a ƙasan ƙafafu, da ƙwallayen tenis na tebur a bakin kowace, don kada ya kife. Malami yana tsayawa a bayanka, da zarar jirgin ya fara yin gaban kansa sai ya fizge rediyon daga hannunka ya ceto shi. Haka kowa yake koyo. Makon jiya na ɗaga shi zuwa tsayin gwiwa, ya tsaya cak a iska na ɗan lokacin da mutum zai yi atishawa. Oishi-san ya ce ya taɓa ganin wanda ya fi ni muni, amma ya manta shekarar.

Ga ainihin maganar. Na sayi na biyu, sabo a kwali, ba a harhaɗa ba, da rediyonsa. Na ba wani abokin aikina da zai koma gida Brazil, garin Londrina, zai kawo miki har gona. Na Papai ne.

Kin san tun ranar da na bar masa audugar a tsaye bai aiko mini ko da gaisuwa ba. Ya ce mahaifinsa bai ƙetare teku don jikansa ya koma leburanci a ƙasar da ya baro ba. Ba na son a sake buɗe wannan muhawara. Amma mutumin da ya wargaza injin tarakta ya mayar ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba, ban ga yadda zai kalli wannan kwali ya kau da kai ba. In ya ƙi saboda sunana, ki ce naki ne. Ki dai rubuto mini ko ya taɓa shi.

Ki sa wa Mamai turare a gaban hotonta a madadina.

Ƙanenki,
Décio


Assaí, Mayu 1996

Decinho,

Wasiƙarka ta same mu lafiya. Gwiwar Papai tana nan yadda ka san ta, ita ce take sanar da mu ruwan sama kafin rediyo. Ni muryata ta tafi ta dawo. Ka riƙa shafa wa kafaɗar nan wani abu, kada ka dawo mana a karkace.

Kwalin ya iso. Ban yi masa ƙarya ba, na ce daga wurinka yake. Ya leƙa hoton da ke jiki, ya ce, "Kayan wasa," ya tafi wajen kajinsa. Kwalin ya yi makonni a ƙarƙashin teburin baranda, kare yana kwana a jikinsa.

Sai na yi dabara. Wata Asabar na baje komai a kan tebur, na buɗe takardar bayanin, wadda duk Japananci ce, na fara haɗa duk abin da ya yi kama da ɗan'uwansa. Papai yana zaune yana shan kofi, yana kallon gona, wai shi bai san ina yi ba. Na ɗauki wani ƙarfe na soma cusa shi inda ni ma na san ba wurinsa ba ne. Kofin ya tsaya a hanya.

"Wa ya ce miki nan yake shiga?"

"Takardar ce ta ce."

"Takardar cewa ta yi a shafa wa notin gam kafin a ɗaure. Ke da ko sunanki ba ki iya karantawa a cikinta."

"To Papai ka karanta mini mana."

"Matsa."

Tun daga ranar ba mu da teburin cin abinci. A tsaye muke cin wake da shinkafa a kicin. Ya kwashe ƙananan kwanonin Mamai ya rarraba notuna a ciki, kowane girma da kwanonsa. Ya yi yamma guda yana auna fuka-fukan farfelar a kan bakin reza, yana manna ɗan tef a na mara nauyin, har suka daidaita. Ni aikina riƙe fitila da shan faɗa. Da ya zo kan injin sai ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce, "Wa ya zaɓi wannan?" Na ce kai ne. Ya ce, "Hmm." Ka san Papai da hmm iri-iri. Wannan ba irin wanda ya yi wa saurayina na farko ba ne.

An gama shi, Decinho, kuma kyakkyawa ne. Ranar da ya tada injin a daɓen shanya kofi, kaji suka watse, kare ya shige ƙarƙashin mota, hayaƙi fari ya cika tsakar gida. Na ga haƙoran Papai. Na rantse maka na gan su.

Na binciko masu irin wannan hauka a Londrina. Suna da fili a bayan wata gonar waken soya. Babbansu Seu Valdomiro ne, mai gidan burodi, ƙato mai murya kamar lasifika, wanda ya ce tun kafin a haife ka yake tashin jirage. Ya ce sabon jirgi ba a ba sabon hannu, shi zai fara ɗaga shi ya daidaita, sannan ya koya wa Papai. Ranar Lahadi mai zuwa za mu je. Papai ya ce shi rakiyata kawai zai yi, amma ya goge takalminsa na zuwa biki.

Yayarka,
Nilce


Hamamatsu, Yuni 1996

Neechan,

Ina gaishe ku, ina lafiya, ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, ina dariya ni kaɗai, har na zo kan Seu Valdomiro. Nan dariyar ta tsaya. Kwana biyu kafin wasiƙar ta iso, wani ɗan Brazil daga Campinas ya zo filinmu, ya karɓi rediyona zai gwada, sai ya ce, "Kai, me totur yake yi a hannun dama?" A ranar na fara sani. A nan Japan sandar totur, wadda take ɗaga jirgi sama ta sauke shi, tana hannun dama. A Brazil kusan kowa a hannun hagu ya koya. Sandar hagu ta nan kuwa ita take tura jirgin gaba ko ta ja shi baya. Rediyon da na aiko irin na nan ne. Ni a kansa na koya, ban taɓa zaton akwai wani iri ba.

Kin gane abin da nake tsoro? Mutumin da ya shekara talatin yana sauke jirgi da hagu, in ya firgita hagun zai ja, ko da kansa ya san ba haka ba ne. Farfelar nan ba wasa ba ce, tana iya karya ƙaurin mutum.

Wasiƙarki ta yi mako biyu a hanya, wato Lahadin ta riga ta wuce, ni kuwa ina nan ina rubuta gargaɗi kan abin da ya gama faruwa. Na buga waya ofishin ƙungiyar manoma, wanda ya ɗauka ya ce zai ba da saƙo in ya sami mai zuwa wajenku. Ban yarda da muryarsa ba.

Ki gaya mini gaskiya, wani ya ji rauni? Ina Papai yake tsaye lokacin? In jirgin ne kawai ya karye, zan aiko da kayan gyara. Rediyon kuma gyaransa mai sauƙi ne. A buɗe bayansa, a cire sifirin daga wannan sanda a mayar a waccan, shi ke nan ya zama irin naku. Seu Valdomiro zai iya. Ki sa a yi haka kafin kowa ya sake taɓa shi.

Décio


Assaí, Yuli 1996

Decinho,

Muna lafiya, babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Jirgin ya faɗi. Papai ya ce babu mai buɗe rediyon nan, a bar shi yadda ka aiko shi, kuma ba za mu ƙara kai wa Seu Valdomiro ba. Ya hana ni faɗin fiye da haka, yana tsaye a kaina yanzu. Sanyi ya ƙona mana itatuwan kofi na gangare. Kada ka damu.

Nilce


Hamamatsu, Agusta 1996

Neechan,

Na gode Allah da kowa yake lafiya. Na yi baƙin cikin kofin. Nan zafi ne kamar cikin tanda.

Katinki ya iso bayan na gaji da leƙa akwatin wasiƙu. Na karanta shi sau da yawa, kuma na gane. Na kai Papai gaban baƙi da takalminsa na biki, abin da ɗansa ya aiko ya faɗi a idon kowa saboda ɗan bai san hagunsa da damansa ba. Yanzu ba ya son a gyara, ba ya son a koma, ba ya ma son ki ba ni labari. Ba sai an ƙara mini bayani ba.

Ki mayar da jirgin kwali, ko ki ba Seu Valdomiro ya cire abin da zai yi masa amfani. Ku karɓi teburinku.

Ban gaya miki ba don ina so ya zama ba-zata: na nemi hutu a Disamba, an ce za a ba ni. Na yi ta hango mu biyu a daɓen kofi, kowa da rediyonsa. Zan gaya musu na fasa, in bar wa wani mai iyali gurbin. Kada ki yi fushi. Ina ci gaba da zuwa bakin kogi, yanzu har ina iya juyo da hancinsa ya kalle ni, wanda shi ne mafi wuya. Oishi-san ya ce in gaishe ki.

Décio


Assaí, Satumba 1996

Décio Kuwabara,

Muna lafiya, gwiwa lafiya, kare lafiya. An gama gaisuwa. Kada ka kuskura ka fasa hutun nan. In ka riga ka fasa, ka koma ka durƙusa wa shugabanka yadda suke yi a can har ya mayar maka. Kai da ubanka duk ɗaya ne, kowa ya zauna a kusurwarsa yana fassara shirun ɗan'uwansa. Zan karya dokar Papai in ba ka labari duka.

Ranar Lahadin, da Seu Valdomiro ya ɗauki rediyon, nan take ya gane. Ya motsa sandunan, ya ɗaga gira, ya kira sauran. Suka kewaye shi kamar an kawo ɗan maraƙi mai kai biyu. Wani ya ce a bari a gyara tukuna. Seu Valdomiro ya ce, "Haba, ni? Ko da ƙafa aka ce in tuƙa zan tuƙa. Dama sama, dama ƙasa, mene ne a ciki?" Ya yi ta maimaita hakan da ƙarfi har ya tada inji.

Kuma ya ɗaga shi, Decinho. Ya taso daga ciyawa sumul, ya tsaya daidai ƙugu, rana tana walƙiya a farfelar. Papai ya cire hularsa. Sai wata 'yar iska ta taso daga gonar soya ta tura shi gefe. Bakin Seu Valdomiro yana cewa "dama, dama," babban yatsansa na hagu kuwa ya ja ƙasa. Jirgin ya ɗaga hanci, ya zauna da wutsiya. Farfela ta sari bututun wutsiyar, katako ya tarwatse, inji ya yi kuka ya mutu.

Ƙaton mutumin nan ya koma abin tausayi. Ya ce wa Papai, "Seu Tsutomu, na ci amanarka. Yatsan nan ya girme ni." Ya je motarsa ya ɗauko sababbin fuka-fukai nasa ya ba Papai, ya ƙi jin komai. Sannan ya fito da sukudireba ya ce bari ya juya sandunan yanzu, daga mako mai zuwa su fara darasi.

Papai ya ɗora hannu a kan rediyon. Ya ce, "A can kowa haka yake riƙewa?"

"Haka aka ce. Japanawa komai nasu a juye yake, har tuƙin mota."

"Ɗana ma haka ya koya?"

"In a can ya koya, haka ne."

"To a bar shi."

Seu Valdomiro ya ce, "Seu Tsutomu, ka fahimce ni. In ka koya a haka, duk jihar Paraná babu wanda zai iya tsayawa a bayanka ya karɓi rediyo in abu ya ɓaci. Ka ga abin da ya same ni."

Papai ya ce, "Na gani." Ya naɗe jirgin a bargo muka taho.

Ya maye bututun wutsiyar da na eriyar talabijin ɗinmu, don haka rabona da kallon wasan kwaikwayon yamma tun Yuni, kuma kai zan kama da wannan. Ya yanko gora biyu ya gicciya, ya huda ƙwallayen tebur da na aro a makaranta. Kullum da safe, kafin iska ta tashi, yana daɓen kofi shi kaɗai. Watan farko jirgin bai yi komai ba sai zamiya a kan siminti kamar agwagwa a kan santsi. Daga baya ya fara tsalle irin na kwaɗo. Ya kife sau biyu, ya gyara. Seu Valdomiro yakan zo wata Asabar da burodi, ya tsaya nesa da hannuwansa a aljihu, yana ihun shawara. Papai ya ce masa in ya fito da hannun zai sa kare ya cije shi. Sun zama abokai.

Dokar da ya kafa mini ita ce kada in gaya maka komai sai jirgin ya tsaya a iska. Ba ya so ka ji yana tsallen kwaɗo. Shi ya sa katin ya zama haka, shi yake faɗa ina rubutawa.

Makon jiya ya tsaya. Daidai ƙirji, wutsiya tana kallonsa, bai motsa ba har na gaji da riƙe numfashi na saki, yana nan dai. Da ya sauke shi sai ya zauna a bakin daɓen, ya ce gwiwarsa ce. Ba gwiwa ba ce.

Washegari wasiƙarka ta iso. Na karanta masa ita da ƙarfi, har wurin Disamba, ban tsallake komai ba. Ya fita wajen kaji ya daɗe, ya dawo ya ce in ba shi takarda da biro. Ga ta nan a ciki. Da Fotugis ya rubuta, wai bai yarda da Japanancinka ba. Ban karanta ba. To, na karanta.

Nilce


Décio,

Ina lafiya. An ce kafaɗarka tana ciwo. Ka daina ɗaukar kaya da hannu ɗaya.

Injin da ka zaɓa mai kyau ne. Yana son mai ya ɗan yi yawa da safe in akwai sanyi. Takardar ba ta faɗi haka ba.

Jirgin bai kunyata ni ba. Valdomiro ne ya faɗi, kuma ya biya da burodi.

Yanzu ina iya tsayar da shi in wutsiya tana wajena. Na gwada juyo da hancinsa sau ɗaya. Da ya kalle ni sai damansa ta zama haguna, na tura shi inda ban nufa ba, saura kaɗan in shiga da shi akurkin kaji. Nilce ta ce kai ka iya. Ba zan sake gwadawa ni kaɗai ba, fuka-fukan da suka rage guda biyu ne. Ana buƙatar mutum a baya wanda zai karɓi rediyon. An gaya mini duk jihar nan babu mai irin hannuna. Na san haka tun ranar da na hana a buɗe shi.

Disamba akwai ruwa da yamma, amma safiya tana da kyau. Na share daɓen, na sare reshen mangwaron da ya leƙo. Ka taho da naka rediyon, da fuka-fukai, da eriyar talabijin saboda yayarka.

Mahaifinka,
Tsutomu